Kududdufin Ruwan Zafi: Yadda Mutanen Danmak Suka Mallaki Ɗumin Gidajensu

 A shirinmu na yau za mu yi nisa da gida, har arewacin Turai, ƙasar Danmak, kafin mu juyo. Kuma wani kududdufi ne zai kai mu can.

Kududdufin yana wani ƙaramin gari mai suna Vojens, a kudancin ƙasar, ba nisa da iyakar Jamus. Asalinsa rami ne da aka daɗe ana ɗiban yashi a ciki, irin dai namu na bayan gari inda ake haƙar ƙasar gini. Mutanen garin suka gyara shi, zurfinsa ya kai mita 13, suka shimfiɗe cikinsa da roba mai kauri, suka zuba masa ruwa lita miliyan 200. Don mai sauraro ya gane yawan ruwan nan, ka ɗauki tankar mai irin wadda ke cin lita 33,000. Sai ta yi sawu fiye da 6,000 kafin ta cika shi. Daga nan suka rufe samansa da wani makeken murfi da ke kwance a kan ruwan, wanda ba ya barin zafi ya fita.

A gefen ramin akwai fili cike da baƙaƙen faranti, sahu-sahu, sun fuskanci kudu, faɗinsu murabba'in mita 70,000, wato kamar filin ƙwallo goma. Ba irin farantan sola da muka sani ba ne, masu ba da lantarki. Waɗannan ruwa ne ke bi ta cikinsu rana tana gasa shi, kamar yadda za ka bar buta a tsakar gida, ka zo alwalar azahar ka tarar ba ta taɓuwa. A watannin Yuni da Yuli, wuni a Danmak yana kai wa awa 17. Duk wannan zafin ana tura shi cikin ramin, har ruwan ya kai digiri 80 ko fiye. Idan Disamba ta zo, wuni ya koma awa 7 kacal, sanyi ya sauko, sai a fara jan zafin nan a hankali ana raba wa gidaje. Bahaushe ya san wannan dabara sarai, sunanta rumbu. Mu hatsi muke zubawa da kaka mu ci da bazara, su zafin rana suke zubawa. Tun 2015 wannan rumbu yake aiki, kuma rana ce ke ɗauke wa garin kusan rabin ɗumin da yake buƙata a shekara.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai sauraro: ai Turawa ne, suna da kuɗi, suna da fasaha. Gaskiya ne suna da su. Amma ni abin da ya sa na kawo labarin nan shi ne mamallakin wurin. Ramin, da farantan, da bututan da ke bin ƙarƙashin titunan garin, duk na masu amfani da ɗumin ne, gidaje kimanin 2,000, ta hanyar ƙungiyarsu ta gama-kai. Babu wani attajiri a sama, babu mai hannun jari a wata ƙasa da ke jiran rabonsa a ƙarshen shekara.

Bari mu leƙa cikin gida ɗaya mu ga yadda abin yake. Bututu biyu ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙasa, kowanne an naɗe shi da abin riƙe zafi. Ɗaya yana kawo ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80, ɗayan yana mayar da shi ya huce, wajen digiri 40, a sake ɗumama shi. A jikin bango akwai ɗan akwati, a nan zafin yake wucewa zuwa ƙarafan ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin tagogi, da ruwan wanka, da na wanke-wanke. Akwai mita mai ƙirga zafin da gidan ya sha. Babu murhu a gidan don wannan aiki, babu tankin mai, babu hayaƙi. A yau kusan gida biyu cikin kowane uku a Danmak ta haka suke samun ɗumi, a babban birnin ƙasar kuwa, Kopanhegan, kusan kowane gida ne.

To a nan maganar take, kuma ina roƙon a saurara da kyau. Mai sayen gawayi, idan wannan ya tsawwala masa, sai ya matsa gaba wurin wancan. Wanda aka haɗa gidansa da bututu ba shi da wannan damar. Bututu ɗaya ne a titin, babu wanda zai haƙa titi ya shimfiɗa na biyu don ya yi gasa da na farko. Ka riga ka cire tsohuwar tukunyar ɗumama gidanka ka yar, waje kuma ƙanƙara ce. Duk wanda ya mallaki bututun nan, wuƙa da nama suna hannunsa. Saboda haka tambayar wa ya mallake shi, da wace doka ce ke kansa, ta fi tambayar wace na'ura aka girka muhimmanci.

Wuya ce ta koya wa Danmak wannan. A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage fitar da shi, cikin 'yan watanni farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Dattawanmu suna tuna lokacin nan da daɗi, domin shi ne ya cika baitulmalin Najeriya a zamanin Janar Gowon, har aka yi rabon Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata. A Danmak kuwa tashin hankali ne. Wajen kashi 90 cikin 100 na makamashin ƙasar daga mai ne, kuma daga waje ake sayo shi. Daga ƙarshen Nuwamba 1973 zuwa Fabrairu 1974 gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi. Aka rage fitilun titi, aka roƙi jama'a su rage ɗumin ɗakunansu a tsakiyar hunturu.

Abin da ya biyo baya shi ne dokar samar da ɗumi ta 1979. Dokar ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin ta zauna ta zana taswirar yankinta: ina gidaje suka yi cunkoso har bututu zai yi riba ga jama'a, ina kuma suka warwatsu da nisa. Wannan ya hana a yi aiki biyu a titi ɗaya, ya kuma ba masu shimfiɗa bututu tabbacin cewa za su sami masu amfani. Na tsawon shekaru ƙananan hukumomi suna da ikon tilasta wa gidaje su haɗa da bututun yankinsu. Sai daga 2019 aka soke wannan ikon ga sababbin wurare.

Amma zuciyar dokar wata ƙa'ida ce guda: ɗumi ba hajar cin riba ba ce. Kamfanin ɗumi ba zai karɓa daga mutane ba sai abin da ya kashe na dole, wato kuɗin makamashi, albashin ma'aikata, gyare-gyare, biyan bashi, da tanadin sabunta kayan aiki idan sun tsufa. Ba riba, ba faɗuwa. Idan shekara ta ƙare aka ga an karɓi fiye da abin da aka kashe, rarar ta koma wa masu biya, ko a mayar musu, ko a sauke musu farashin baɗi. Akwai hukumar gwamnati da kowane kamfani ke miƙa wa farashinsa da lissafinsa, tana wallafa su kowa ya gani, don haka mutumin wannan gari yana iya duba abin da na garin maƙwabta ke biya, ya zo ya tambayi shugabanninsa dalili. Kuma idan za a sayar da bututun wani gari, doka ta ce a fara tallata shi ga masu amfani da shi tukuna.

Ku lura da abin da wannan ƙa'ida ta haifar. Tunda babu riba mai tsoka, manyan 'yan kasuwa ba su yi rububin shiga harkar ba. Wa ya rage? Wanda ribarsa ita ce ɗakinsa ya yi ɗumi a farashi mai sauƙi. Shi ya sa cikin kamfanonin ɗumi kimanin 400 da ke ƙasar, mafi yawansu na ƙungiyoyin masu amfani ne, manya-manyan na birane kuma galibi na ƙananan hukumomi ne.

Sai maganar kuɗi, domin niyya kaɗai ba ta haƙa rami. Aikin bututu yana cin dukiya mai yawa a farko, sa'an nan ya yi shekaru masu yawa yana aiki. Ƙungiyar ƙauye ba ta da kadarar da za ta jinginar. A nan ƙaramar hukuma ke tsaya mata a matsayin lamuni, sai wata cibiyar ba da bashi mai suna KommuneKredit, wadda ƙananan hukumomin ƙasar da yankunanta suka mallaka tare tun fiye da shekara 100, ta ba ta rance mai sauƙi na shekara 20 zuwa 30. A ganina, in da za a cire wannan lamuni, da yawancin abin da nake ba ku labari bai tashi ba. Gwamnati ta kuma yi amfani da haraji. A 1986, da farashin mai ya faɗi warwas a duniya, maimakon ta bar mutane su koma wa mai, sai ta ƙara masa haraji. A 1990 ta hana manoma ƙona tattakar alkama da sha'ir a gona, sai ga tattakar ta zama abin sayarwa, ana ɗaure ta dami-dami ana kai wa tashoshin ɗumi. Daga 2013 aka hana sanya tukunyar mai a sababbin gine-gine.

Doka dai ta tarar da ƙasa mai laima ne. Tun 1882 manoman wani ƙauye mai suna Hjedding suka haɗa kai suka kafa masana'antar sarrafa madara tasu, tsarin ya bazu a faɗin ƙasar, kuma al'adar da ta kafu ita ce mai saniya biyu da mai saniya hamsin kowa ƙuri'a ɗaya gare shi. Jikokinsu ne ke zama a zauren gari sau ɗaya a shekara, ma'aji ya miƙe ya karanto abin da ya shiga da abin da ya fita, a yi muhawara, a zaɓi 'yan kwamiti, a sauke wanda bai yi ba. Shugaban kwamitin nan da ya sa hannu a kan farashi, shi ma takardar biya ɗaya ce ke zuwa gidansa, kuma gobe zai haɗu da maƙwabtansa a kanti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Garin Marstal, a tsibirin Aero, misali ne na yadda irin wannan ƙungiya ke tafiya da taka-tsantsan. A 1994 suka gwada da faranti murabba'in mita 75 kacal, a wurin ninƙaya na garin. Da suka ga abin ya yi, bayan shekara biyu suka shimfiɗa 8,000. Suka ci gaba da ƙarawa, zuwa 2012 sun haura 30,000, da nasu ramin mai cin lita miliyan 75. Kusan shekara 20 ke nan suna ginawa mataki-mataki. Kuma da yake ruwan zafi bai damu da abin da ya dafa shi ba, bututun da aka fara da mai ko kwal yau yana iya ɗaukar zafin rana, ko na tattaka, ko na shara da ake ƙonawa. A birnin Odense har zafin da ke fita daga rumbun kwamfutocin Facebook ake kamawa ana ɗumama dubban gidaje da shi.

Zan zalunce ku idan na nuna muku abin kamar ba shi da aibi. A shekarun 1990 an ƙarfafa wa ƙananan ƙauyuka da dama gwiwa suka gina tashoshi masu amfani da iskar gas, a wuraren da gidaje ba su da yawa kuma suna nesa da juna. Gas ya yi tsada, zafi yana zirarewa a dogayen bututu, matasa suna ƙaura zuwa birni, bashin kuma yana nan. Da yake ba riba ba faɗuwa, duk tsadar a kan 'yan tsirarun da suka rage ta sauka, wasu har sayar da gidajensu ya yi musu wuya. Sai da gwamnati ta shigo da tallafi. Ke nan mallaka tana zuwa da nata nauyin: idan lissafin farko ya karkace, babu wani baƙo da za a ɗora wa asarar. Akwai kuma suka mai ƙarfi a cikin ƙasar kanta game da yawan itacen da ake ƙonawa, wanda kaso mai yawa daga waje ake shigo da shi, daga ƙasashe irin su Estoniya da Latbiya. Mu da muke ganin yadda gawayi ke cinye mana dazuka, ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan wannan damuwa. Shi ya sa yanzu suke karkata ga manyan injinan zuƙo zafi, masu aiki kamar firiji amma a juye, suna jan ɗumi daga iska ko ruwan teku da lantarkin da iska ke samarwa.

Sauran Turai ma sun fara lura. A 2018 Tarayyar Turai ta sanya a dokarta ta makamashi mai sabuntuwa cewa ƙungiyoyin al'umma suna da haƙƙin samar da makamashi, su adana, su sayar, kuma ƙasashe su share musu hanya. A Birtaniya kuwa, inda aka daɗe ana haɗa gidaje da irin wannan bututu ba tare da mai sa ido a kan farashi ba, koke-koke sun yi yawa, sai a 2023 aka yi dokar da ta ɗora wa hukumar makamashi wannan aiki.

Bututun da ke kai zafi yana iya kai sanyi. Tun 2010 kamfanin ruwa da makamashi na Kopanhegan, wanda mallakar ƙananan hukumomi ne, yake jan ruwan teku mai sanyi daga tashar jiragen ruwa yana sanyaya otal-otal da kantuna da ofisoshi, maimakon kowane gini ya rataya tasa na'urar. Wannan ɓangaren bai kai na ɗumi girma ba a can, domin ƙasar sanyi ce.

A nan ne labarin ya taɓo mu, domin mu sanyin muke nema. Duk wanda ya je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, a Garun Malam ta jihar Kano, lokacin da kaya suka yi yawa, ya ga yadda rana ke yanke wa manomi farashi. Kwandon da aka kawo da asuba yana sheƙi, zuwa la'asar ya fara zubar da ruwa ta ƙasa, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, dole a sallama. Haka nonon da 'yar Fulani ta ɗauko tun safe, haka kifi, haka allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Dabarar sanyaya ba baƙuwarmu ba ce. Randa a ƙarƙashin inuwa tana nan tun kaka da kakanni. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya ɗauki tukwane biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yanzu kuma ga ɗakunan sanyi masu aiki da sola sun fara shigowa kasuwanni, ana biya a ajiye kaya a kwana.

Idan irin wannan ɗaki ya zo kasuwarku, shi ma ɗaya ne tal, kamar bututun Vojens. Kuma mun san abin da ke faruwa da kayan da ba a san mai su ba. A unguwarmu an taɓa yi mana rijiyar burtsatse mai sola. Ranar buɗewa an yi taro, an yi tafi, mata sun yi guɗa. Ba a kafa kwamiti ba, ba a buɗe asusu ba, ba a ce kowace jarka ga abin da za a biya ba. Ranar da famfon ya ƙone, kowa ya tsaya yana jiran wanda ya kawo ya dawo ya gyara. Farantan suna nan har yau, ƙura ta rufe su, yara sun koma bin 'yan garuwa. Abin yana ci mini rai duk lokacin da na wuce ta wurin, domin kuɗin gyaran bai fi ƙarfinmu ba in da mun riƙa tara shi tun daga ranar farko.

Haɗa kai ba sabon abu ba ne a wurinmu. Muna da gayya, muna da adashe, muna da ƙungiyoyin manoman rani da na 'yan kasuwa masu rajista. Inda muke da giɓi shi ne ta ɓangaren hukuma. Ƙungiyar manoma ba za ta iya gina ɗakin sanyi da bashin banki na shekara biyu mai ruwa fiye da kashi 20 cikin 100 ba, ga kuma da yawanmu da addini ya hana mu taɓa bashin ruwa. Amma hanya ba ta toshe ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta tara naira biliyan 100 ta hanyar sukuk, wato rance marar ruwa, ta gina hanyoyi, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna nan suna aiki. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Majalisar jiha tana iya rubuta cewa ɗakin sanyin da aka gina da kuɗin jama'a, ƙungiyar masu amfani da shi za a damƙa wa, farashinsa ya tsaya a kan abin da aka kashe da tanadin canza batir, a kuma liƙa lissafinsa a ƙofa kowane wata. Jiha tana iya tsaya wa ƙungiyar da ta riƙe littattafanta da kyau a matsayin lamuni.

Saboda haka Alhaji sarkin kasuwa, Hajiya shugabar ƙungiyar mata, Malam sakatare, idan an zo muku da albishirin za a kawo ɗakin sanyi ko injin sola, ku karɓa da godiya, amma kafin a yanka kirtani ku nemi a nuna muku takardar da ta faɗi sunan mai shi, da wanda zai yanke farashi, da asusun da za a riƙa zuba kuɗin gyara. Batir ba ya dawwama, wata rana sai an canza shi.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ƙungiya ke yin rajista da yadda ake riƙe littafin shige da fice na kuɗi.